Farin Zare

Sunana Zuleide, ɗinki ne sana'ata.
Shekara arba'in da ɗaya ina taka keke
a wani ɗan gari can cikin Pernambuco,
inda hadari kan leƙo mu, ya yi gaba abinsa.

Ni na ɗinka mayafin teburin cocinmu,
da farar kurciya a tsakiya.
Fiffikenta na hagu ya ɗan karkace,
don ran nan jikana na zazzaɓi, hankalina na ɗaka.
Ba wanda ya taɓa lura, sai ni da Ubangiji.

Bana damina ta yi mana rowa.
Rogo ya ƙi, wake ya bushe a tsaye,
awaki sun koma cin ƙaya.
Sai ga tankar ruwa ran Laraba,
da fuskar Valdomiro a jikinta, haƙora duk a waje,
da lambar da yake so mu danna ranar zaɓe.
Mun sha. Ba zan yi ƙarya ba, duro biyu na cika.

Ran Lahadi ya zo sujada.
Fasto Josenildo, yaron da na ɗinka wa wandon makaranta,
ya ɗora masa hannu a ka,
ya ce Allah ne ya nuna mana shi.
Aka ce amin har kwanon rufi ya amsa,
sabon kwano, wanda kowa ya san aljihun da ya fito.

Nivalda ba ta ce amin ba.
Ɗanta malami ne, yana ɗaya ɓangaren.
Mu da aka yi wa baftisma rana ɗaya, a kogi ɗaya,
tun kogin na da ruwa,
yau benci uku ne tsakaninmu,
amma sun fi dutsen bayan gari wuyar ƙetarewa.

Washegari aka kawo mini shuɗin yadi,
tuta ɗari biyu ake so kafin Asabar.
Kuɗin zai sayi maganin hawan jinina har Kirsimeti.
Na karɓa. Na taka keke.
Tsakar daren Juma'a zare ya ƙare.
Na zazzage gwangwani, ba sauran komai
sai ragowar farin da na yi kurciya da shi.
Na riƙe shi har kofina ya huce.

Na ce, Yesu, kai ma ka taɓa roƙon ruwa a bakin rijiya
wurin macen da ba ta cikin danginka.
To ni fa?
In na juya wa mutumin nan baya, an ce butulu, ta sha ruwansa.
In na bi shi don fasto ya faɗa,
wa na durƙusa wa, kai ko tanka?
Bai ce mini komai ba.
Kare ne kawai ke haushi wajen gidan Nivalda,
layin da tankar ke wucewa ba ta tsayawa.

Na mayar da farin zaren inda yake.
Tuta ɗari da tamanin da uku na kai,
aka zaftare mini kuɗin sauran, har da tsaki.

Ranar zaɓe na shiga bayan ɗan kwalin nan ni kaɗai,
ba fasto, ba fuskar kowa,
yatsana mai kanta da tabon allura ya danna abin da ya danna.
Kada ku tambaye ni.

Da yamma na ɗebi bokiti ɗaya daga durona,
na ratsa kasuwa da shi, ana kallo,
rabi na zuba a ƙafata.
Nivalda ta tsaya a ƙofa, ba ta matsa ba.
Ta ce, ruwan wa?
Na ce, ruwa dai.

Ta daɗe tana dubana, sannan ta miƙo tukunya.
Na fito da allura daga gashin kaina, da farin zaren,
na ce idona ya mutu, zura mini.
Akwai fiffiken da nake so in gyara kafin Lahadi.